Makarar da Ubana Ya Ƙera

Zuwa ga Alhaji Attahiru, shugaban dattawan masallacin unguwarmu, kuma mai riƙe da makullin ɗakin makara, a nan Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa sa'an ubansa, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da jajen wannan fari da Allah ya jarrabe mu da shi, ni ne Ilyasu ɗan Maƙeri Bubakar, mai gyaran kamiyo, wato manyan motocin kaya, a garajin bakin tasha, wanda har yau kake kira “yaron maƙera” ko da yake furfura ta fara fito mini. Na gaishe ka ne domin haka aka yi mini tarbiyya, amma kada gaisuwar ta ruɗe ka, Baba Alhaji. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Sau uku ina zuwa zaurenka a kan wannan magana. Zuwan farko aka ce kana barci, na biyu aka ce kana da baƙi, na uku ka fito ka tsaya a bakin ƙofa, ko tabarma ba ka ce a shimfiɗa mini ba. Shi ya sa na koma ga takarda. Na rubuta ta da ajami, na kuma rubuta ta da boko, don kada wani ya ce bai iya karantawa ba. Ɗaya na ƙofar masallaci, ɗaya na bakin kasuwa, ɗaya na hannun mai unguwa.

Ga abin da ya kawo ni, ba tare da kewaye-kewaye ba. Mahaifiyata, Inna Hadiza, tana kwance tun kafin azumi. Likita ya duba ta ya ce mu koma da ita gida mu yi ta addu'a. Ba ta roƙe ni magani ba, ba ta roƙe ni nama ba. Abu guda ta roƙa, shi ne idan ta cika a ɗauke ta zuwa kushewarta a kan makarar ƙarfen masallacin nan. Makullin yana aljihunka, kuma ka riga ka hana ubana ita. Ina son amsarka tun tana da rai.

Na farko, asalin makarar, tun da na ga kamar ka manta.

Lokacin da nake yaro makara ɗaya ce a unguwar nan, ta iccen goruba, ɗaure da igiyar kaba. A kanta aka ɗauki mahaifinka, a kanta aka ɗauki kakana, ba wanda ya ce uffan. Ranar jana'izar yayanka ne sanda ɗaya ta tsage a hanya, saura kaɗan gawa ta kai ƙasa. Ubana yana cikin masu rakiya, abin ya tsaya masa a rai. Ya dawo gida ya ce in Allah ya yarda ba za a sake ganin haka a unguwarmu ba.

Wata uku ya yi yana aikin. Ya bi bayan tasha yana tsintar ƙarfen matattun motoci, ya riƙa dukansa bayan ya gama aikin da ke ciyar da mu. Ya yi mata ƙafafu huɗu don a iya ajiye ta wurin salla, ya yi mata hannuwa dogaye, ya yi mata baka a sama don a rufa zane idan mace ce. Inna ce ta ɗinka matasan fata a kan hannuwan, ta cusa musu auduga don kada ƙarfe ya ci kafaɗar masu ɗauka. Ko tamma ɗaya bai karɓa ba, ya ce sadaka ce ga iyayensa. Ranar Juma'ar da aka kawo ta, kai ne ka miƙe a gaban jama'a ka sa masa albarka, har ka ce Bubakar ya fitar da unguwa kunya. Ina nan tsaye a bayansa, na ji da kunnena.

Ba a yi wata guda ba Goggo Ramatu, yayar ubana, ta rasu. Ya je ɗaukar makara, ka tare shi a ƙofa ka ce dattawa sun zauna sun yanke shawara. Sabuwar ta masu asali ce. Tsohuwar ta icce ita ce ta maƙera da majema da 'ya'yan bayi, da baƙon da ba a san tushensa ba. Ya dawo da ta iccen a kansa, bai ce da kowa komai ba sai bayan an watse daga maƙabarta. A nan ya dube ni ya ce, “Ilyasu, da hannuna na raba gawawwakin unguwar nan gida biyu.” Daga ranar har ya bar duniya bai sake bi ta gefen ɗakin makara ba, sai ya zagaya ta bayan masallaci ko da zai rasa raka'a.

Na biyu, ranar da ya rasu.

Kowa ya san halin da muke ciki. Tun da ruwa ya ƙi zuwa, mutanen daji suka rasa dabbobinsu suka kwararo gari, suka kafa bukkoki a gefen unguwarmu. Yunwa da ƙyanda suka shiga cikinsu. Tsohuwar makara, wadda a da takan yi mako ba ta fita ba, ta koma fita sau uku sau huɗu a yini. Icce ne, ya gaji. Ta karye gida biyu, kwana kaɗan kafin rasuwar ubana, kuma ka sani, domin ladan Malam Sidi ya kawo maka guntayen har zaure.

Ubana ya cika ranar wata Talata bayan sallar asuba, a tsakiyar bazarar bara. Kafin hantsi an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, masu haƙa sun aiko cewa kabari ya kammala. Na aiki ƙanena Usmanu gidanka, aka ce ka tafi wurin rabon hatsi. Na je da kaina. Na same ka zaune a inuwa kusa da sojoji, kana nuna musu wanda yake ɗan unguwa da wanda ba shi ba. Na durƙusa, na rage murya don kada in kunyata ka, na ce Baba ya rasu, ta iccen kuma ta karye. Ka ce, “Allah ya jiƙansa. Ku je ku nemi dabara, ai ku ne masu dabara.” Sa'an nan ka juya ga buhunanka.

Bayan azahar na komo tare da Malam Sidi, tsoho da sandarsa cikin wannan rana. Shi ya yi maganar. Ka ce ba kai kaɗai ka yanke ba, ba kuwa za ka warware kai kaɗai ba. Duk yinin nan makarar tana kulle a ɗaki, ba gawar da ke jiranta sai ta wanda ya ƙera ta.

Ka san abin da zafin bazara ke yi wa mamaci, Baba Alhaji, ka binne mutane fiye da ni. Kafin la'asar Inna ta ƙone duk turaren da ke gidan, maƙwabta suka kawo nasu. Mata suna fifita, maza sun sunkuyar da kai a waje, kowa na kunyar ya dubi ɗan'uwansa. Da muka ga ba sauran jira, muka cire ƙyauren maƙerar ubana muka ɗora gawarsa a kansa.

Ƙyauren bai kai tsawonsa ba, ya gaza da kamar taƙi ɗaya. Ba shi da hannu, sai mutum shida suka tallafe shi da tafin hannu, muka ɗaure gawar da igiya don kada ta zame, irin ɗaurin da ake yi wa kaya a bayan jaki. Ni na bi baya, ina riƙe da ƙafafunsa da suka fito waje, tun daga ƙofar gida har wurin salla. Har yau in na rufe ido ina jin sanyin dugadugansa a hannuna ta cikin likkafani.

Muka bi ta gaban shagonka, don ba wata hanya. Ka miƙe, ka gyara rawani, ka biyo mu. Da aka ajiye shi a ƙasa za a yi salla, ka ratsa mutane ka tsaya a sahun gaba, ka ɗaga hannu kana nema masa gafara da makullin a aljihunka. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai a kan hanin kansa. Da ka zauna a shagonka da na fi ganin girmanka.

Na uku, hujjojin da kuke kawowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami wadda ta tsaya da ƙafarta ba.

Kun ce maƙeri yana da wani abu tare da shi, na wuta da iskoki, wai in an ɗora gawarsa zai bar shi a jikin ƙarfen ya shafi na baya. To, wuƙar da kake yanka ragon layya wa ya ƙera ta? Askar da aka yi wa 'ya'yanka askin suna da ita fa? 'Yan kunnen da ke kunnen iyalinka, da kwaɗon da ka kulle ɗakin makarar da shi, duk daga maƙerarmu suka fito. Ita kanta makarar, ba inda za ka ɗora yatsa a jikinta da gumin ubana bai ɗiga ba. Hannunsa yana da rai yana juya wuta bai cuce ku ba, sai da ya mutu aka wanke shi aka naɗe shi ne ya zama abin tsoro? In da gaske kuke tsoron abin da ke jikin maƙeri, ku dawo mana da makarar gaba ɗaya, ku nemi wadda ba mu taɓa ba.

Kun ce al'ada ce ta kakanni. Wannan al'adar na girme ta. A gabana aka haife ta, a zaurenka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kakanninmu da naku icce ɗaya ya kai su, kuma ban ji an ce wani daga cikinsu ya dawo ya yi ƙorafi ba.

Na je wurin liman na tambaye shi ko akwai wannan a littafi. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce babu, amma zaman lafiya ya fi. Zaman lafiyar wa? Shi ne fa yake karanta mana labarin annabin da Allah ya tausasa wa ƙarfe a hannu, mu yi ta gyaɗa kai, ku ma ku yi ta gyaɗa kai. Abin da ya faɗa mini a ɗaki da ƙaramar murya, ina so ya faɗe shi a kan mumbari.

Akwai wani abu kuma. Watanni biyu bayan rasuwar ubana, wani dattijo daga cikin mutanen daji ya mutu a gindin katangar masallaci. Ba wanda ya san sunansa a unguwar. Sai wani ya duba ya ce ai ɗan gidan manya ne a can wajensu, nan da nan makulli ya fito. Ban yi baƙin ciki ba, ina cikin waɗanda suka sa kafaɗa, Allah ya jiƙansa. Amma a nan na gane cewa a wurinku baƙon da ya kwana uku ya fi mutumin da ya yi shekara sittin yana amsa sallamarku, in dai an ce kakan wancan ya hau raƙumi, kakan wannan ya hura wuta.

Na huɗu, shawarar da ka ba ƙanena.

Ka ce wa Usmanu, “Ku da ƙarfe yake hannunku, ku ƙera taku mana, a huta.” Na san mutane da yawa da za su karanta wannan takarda haka za su ce, don haka bari in amsa. Zan iya. Akwai ƙarfe a garaji, akwai wutar liƙi, wato walda, da ubana bai samu ba, mako ɗaya ya ishe ni in yi wadda ta fi waccan kyau. Usmanu ya matsa mini, muka yi faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Ya ce girman kaina ne zai sa a ɗauki Inna a kan ƙyaure, ya fita ya daina yi mini magana. Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta shige ni. Na kwaso ƙarafa na kawo gida, na auna, na fara yanka.

Inna ta ji ƙarar guduma daga ɗaki ta sa aka kira ni. Ta tambaye ni me nake yi, na faɗa mata. Sai ta ce, “Abin da ubanka ya mutu yana nadama shi za ka sake? Yau ka ƙera ta maƙera, jikokinka a kanta za su tafi, kuma za a ce ku kuka zaɓa. Ni hannuwa huɗu na ɗinka wa fata, ban ɗinka wa takwas ba. Mayar musu da ƙarfensu.” Na mayar. Macen da ba ta iya ɗaga kofin ruwa ta fi ni ganin abin da kake nufi da “a huta”.

Na biyar, maganar jandarma.

Ranar sadakar bakwai ta ubana, maƙera da majema da sauran waɗanda kuka ware suka cika gidanmu. Ta'aziyya suka zo, kuma ba shakka an yi maganar ƙyaure, don ba wanda ya gani ya manta. Kwana biyu bayan haka aka kawo mini sammaci. Wai an kai rahoto cewa ina tara mutane ba da izini ba, ina zuga su. Ka san abin da wannan kalma ke jawowa mutum tun da sojoji suka karɓi mulki, ka san waɗanda aka ɗauka a kan abin da bai kai haka ba. Na yini a kan benci a ofishin jandarma tun safe har yamma, matata tana kuka a waje. Da aka shigar da ni, shugabansu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “Duk wannan a kan gadon gawa ne?” Ya gargaɗe ni ya sallame ni. Mai garaji ya kusa korata, sai da na yi ta roƙo.

Ba a gaya mini wanda ya kai rahoton ba, ba na kuma buƙata. Mutum ɗaya ne a unguwar nan yake zama inuwa ɗaya da masu kaki, kuma da na fito a ranar, kai ne ka fara ce mini Allah ya kiyaye gaba tun ban gaya wa kowa inda na yini ba. Kullum rediyo na cewa 'yan ƙasa duk ɗaya ne, ba bawa ba ɗa, in an yi taro kai ne kan gaba wajen tafi. Ka tafa da rana, ka dawo unguwa ka rarraba matattu.

Yanzu ga buƙatuna, uku ne.

Ɗaya, idan Inna Hadiza ta cika, a buɗe ɗakin a ba mu makarar ba tare da an sa mu yawo ba.

Biyu, makullin ya bar aljihunka ya koma hannun ladan, a rataye shi a ƙusa inda duk wanda aka yi wa rasuwa zai miƙa hannu ya ɗauka. Ba don Inna kaɗai ba. Tun da ta iccen ta karye, na ga an ɗauki majemi a kan tsani, na ga an ɗauki wata baiwar Allah a cikin tabarma kamar buhu. In an ba mu don mun yi surutu aka ci gaba da hana su, ba a yi komai ba.

Uku, ranar Juma'a ka miƙe a inda ka miƙe ka sa wa ubana albarka, ka gaya wa jama'a cewa makara ɗaya ce a unguwar nan.

Ban ce ka ba mu 'yarka ba, ban ce ka ci tuwo kwano ɗaya da ni ba, ban nemi sahun gaba ba. Ko haƙuri ban ce ka ba ni ba, domin wanda ka yi wa laifin yana ƙasa, in kana da abin faɗa ka tanada masa.

Saura in gaya maka abin da zan yi, don kada ka ce an yi maka ba zata. Tun shekaranjiya Inna ta daina karɓar kunu, sai ruwa a cokali. Ranar da Allah ya yi ikonsa zan zo ƙofarka, in yi sallama, in roƙe ka makulli a gaban shaidu, sau ɗaya. In ka bayar, zan durƙusa in gode maka, kuma ba za ka sake jin bakina a kan abin da ya wuce ba. In ka hana, zan wuce ɗakin makara in yanke kwaɗon da rana tsaka, kowa na gani. Ba ni kaɗai ba ne. Jiya Usmanu ya shigo ya zauna wurin Inna ya daɗe, da zai fita ya ajiye zarton ƙarfe a gabana, ya ce shi zai kama hannun gaba. Idan mun rufe ta za mu wanke makarar mu mayar da ita inda take, ni kuma in taka da ƙafata zuwa wurin jandarma, ba sai ka wahalar da kanka da kai rahoto ba. Abin da kawai nake roƙo a nan shi ne a bari sai mun gama zuba ƙasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba Alhaji. Allah ya raya maka zuri'a, ya kawo mana ruwa, ya yaye mana wannan masifa. Allah ya ba ka ikon gyara abin da ka ɓata tun kana iya sa hannu a aljihu da kanka. In ranarka ta zo, Allah ya sa a gaggauta maka sutura, ya ba ka masu ɗauka da yawa, kada ya sa 'ya'yanka su ga abin da na gani.

Ina jiran amsarka. Ka aiko da ita da wuri, don numfashin Inna ya fara canzawa tun da safen nan.

Wassalam.

Ilyasu ɗan Maƙeri Bubakar,
Agadas.